Babi na Uku: Harafin Farko a Tsakar Gida

"Yarona ya cika shekara huɗu. In fara koya masa karatu ne, ko in bari sai ya shiga makaranta?" Daga Fagge har Damagaram babu unguwar da iyaye ba sa yin wannan tambaya. Amma a bakin Bahaushiyar Omdurman tambayar takan haifi wata: to, in zan fara, da wane harshe? Da Hausar da muke yi a ɗaki? Da Larabcin da yake kwasowa a layi wajen abokan wasa? Ko da Larabcin littafi, wanda ko mutum ya yini a Suk al-Sha'abi ba zai ji an yi cinikin albasa da shi ba?

Na zaɓi in amsa tambayar daga Sudan saboda can ne ta fi tsauri. Duk dabarar da ta yi aiki ga yaron da ke tsakanin harsuna uku, za ta yi wa yaron Kano ko na Maraɗi aiki cikin sauƙi.

Su wane ne waɗannan yara?

Jikokin mahajjata ne da masu hijira. Tun kafin jirgin sama mutanenmu ke bin hanyar gabas a ƙasa, su yada zango a Sudan su nemi guzuri, wasu su ƙarasa Makka, wasu zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, ya kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, wasu dubbai suka biyo neman aiki. Larabawan ƙasar suna ce musu Fallata ko Takari. Yau 'yan ƙasa ne haihuwar can, kuma da yawansu Hausa ba ta bar bakinsu ba.

A tsarin Sudan yaro kan yi shekara biyu a rauda, wato makarantar renon yara, ko a khalwa, wato makarantar allo, sannan ya shiga firamare yana ɗan shekara shida. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya wargaza wannan tsari. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Ajujuwa da yawa sun koma masaukin 'yan gudun hijira. Uwar da a da take tambayar ko ta fara ko ta jira, sai ta wayi gari babu makarantar da za ta jira.

Mene ne karatun ma?

Mu fara da wannan, don nan ne mafi yawan iyaye ke ruɗewa. Yaro ɗan shekara uku ya bi mahaifiyarsa kasuwa, ya hango buhun sukarin Kenana, ya ce "sukkar!" Uwa ta yi murna, ɗanta ya iya karatu. Bai iya ba tukuna. Launin buhun da tambarinsa ya gane. A rubuta masa kalmar a takarda da biro, ba zai san ta ba. Duk da haka kada a raina abin da ya yi, domin ya gano cewa waɗannan zane-zane suna ɗauke da magana, kuma daga nan ake tashi.

Karatu abu biyu ne a haɗe. Na farko, mutum ya ga harafi ya fitar da sautinsa, ya haɗa sautuka su zama kalma. Na biyu, ya fahimci abin da kalmar ke nufi. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka nuna cewa in ɗayan biyun babu, to karatun ma babu, komai ƙarfin ɗayan. Kamar guga ne da igiya a bakin rijiya: igiya ita kaɗai ba ta ɗebo ruwa, guga shi kaɗai ba ya kai wa ga ruwa. Dukanmu mun san almajirin da zai karanta shafin Larabci tiryan-tiryan bai san abin da ya faɗa ba. Mun kuma san dattijuwar da babu zancen da ya fi ƙarfin fahimtarta, amma sai an karanta mata takardar asibiti.

Makaranta ta iya koyar da na farko. Na biyun kuwa a gida ake tara shi, cikin shekarun da yaro ke maƙale da zanin uwarsa yana tambayar sunan komai.

Kunne kafin ido

Kafin yaro ya ga amfanin harafi, sai ya ji da kunnensa cewa kalma gutsattsari ce da aka jera. Ga ɗan shekara uku "buta" abu ɗaya ne dunƙule, abin alwala. Bai taɓa lura cewa akwai "bu" akwai "ta" a ciki ba, balle ya lura cewa farkonta ɗaya da na Bala da baba. Ranar da ya lura, rabin aikin ya ƙare.

Wannan ba ya bukatar littafi ko sisin kwabo. Ana yanka kayan miya, sai a tafa hannu a kan kowace gaɓa: al-ba-sa, tafi uku, tu-ma-tir, tafi uku, mai, tafi ɗaya. Ana hanya, sai a ce ya nemo abin da farkonsa ya yi kama da na sunansa. Ko uwa ta ja magana ta ce "miƙo min mu-ci-ya", shi kuma ya haɗa ya kawo. Waƙoƙin gaɗa da na raino, kacici-kacici, da maganganun nan na karya harshe da yara ke gasa a kansu, duk horon kunne ne. Zaurance ma haka. Yarinyar da ta iya cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa don kada ƙanenta ya gane zancenta da ƙawarta, ta riga ta iya tsinka kalma ta sake ɗinke ta. Abin da malaman Turai ke shirya wa darasi na musamman, 'yan matanmu na yin sa a dandali don nishaɗi.

Sai tatsuniya. A gidan Bahaushen Sudan yaro yana da rabo biyu: Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa, da labarin Fatma as-Samha daga bakin habboba, wato kakar maƙwabta. Kada a bar shi ya zama mai sauraro kawai. A dakata a tsakiya a tambaye shi, "Kai a ganinka me Gizo zai yi yanzu?" Gobe a ce shi ya ba da labarin. Zai tsallake rabi, ya ƙara nasa. A bar shi. Riƙe labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne abin da zai bukata ranar da aka ajiye masa shafi guda a gabansa.

Harsuna uku a kai ɗaya

Yaron Omdurman yana ce wa ruwa "moya", littafin aji ɗaya kuma ya ce "ma'u". Yana ce wa kyanwa "kadisa", littafi ya ce "ƙiɗɗa". Harafin ƙaf, a layi "ga" ake furta shi. Ko ɗan da iyayensa Larabawa ne gaba da baya, ranar da ya shiga aji yakan tarar da harshen da ya yi kama da nasa amma ba nasa ba. Ɗan Bahaushe kuwa tsani biyu zai hau.

Ganin haka ne wasu iyaye ke yanke shawarar daina yi wa yara Hausa kwata-kwata. Wasu don su sauƙaƙa musu makaranta, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, don gudun gorin da aka daɗe ana yi wa mai sunan Fallata. Na fahimci zafin da ke bayan wannan shawara, amma ban yarda da ita ba. Uwar da Hausarta ta fi Larabcinta zurfi, in ta koma yi wa ɗanta Larabcin kasuwa kaɗai, abin da zai samu a bakinta bai wuce "zo", "tafi", "bari", "ci" ba. Ta rufe masa ƙofar tatsuniya da karin magana da doguwar hira, ta kuma raba shi da kakarsa. Alhali ana koyon karatu sau ɗaya ne. Yaron da ya gane a Hausa cewa kalma tana tsinkuwa, labari yana da kai da gindi, zai ɗauki wannan ganewa ya shiga da ita kowane harshe. An gwada abin a Najeriya: a aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Saboda haka shawarata ita ce kowa ya yi wa yaro harshen da ya fi iyawa, ya kuma yi da yawa. Larabcin layi ba ya bukatar taimako, yara za su koya masa. Larabcin littafi, wato fusha, shi ke bukatar a shigar da shi gida da gangan: a samu mai karanta masa ɗan gajeren labari da fusha kullum, ko yayarsa ce 'yar aji huɗu, a nuna hoto, a fassara masa da Hausa. Ba don ya haddace ba, don kunnensa ya saba, kada ranar farko a aji ta zama ranar farko da ya ji "ma'u".

Haruffa kuwa, a fara da waɗanda makaranta za ta nema, kuma rubutu ɗaya a lokaci guda. A Khartoum na Larabci ne. A Kano ko Katsina, boko da Hausa, wanda sauƙinsa shi ne kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, ba kamar Turanci ba. Akwai kuma gadar da Hausawan Sudan ke da ita a hannu suke mantawa da ita, wato ajami. Da zarar yaro ya san baƙaƙe biyar ko shida, a rubuta masa "baba", "dawa", "rami" da haruffan Larabci. Zai haɗa sautukan, sai ya ji kalmar da ya sani tun yana goye ta fito daga bakinsa. Wannan mamaki da ke bayyana a fuskarsa, babu kalmar fusha da za ta ba shi a wannan shekarun.

Abin da allo ya riga ya sani

Ana yawan kawo mana hanyar koyar da karatu ta sauti kamar sabon abu ne daga waje. Gaskiya ne wani kwamitin ƙasa a Amurka a 2000, da rahoton Jim Rose a Ingila a 2006, sun tabbatar cewa koyar da alaƙar harafi da sauti daki-daki, a tsare, ya fi barin yaro ya yi ta cinkar kalma daga hoto. Amma wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari. Da babbaƙu ake farawa, yaro ya san baƙaƙe zalla. Sai farfaru, a ɗora musu wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Sai haɗawa. Malamanmu har suna suka raɗa wa baƙaƙen don su zauna a kan yaro: ba guje, ha ƙarami, sin ƙodo, mim jaye, ɗa mai hannu. Wanda ya ce wa harafi "mai hannu" ya san yadda idon yaro yake kallo.

A khalwar Sudan ma haka abin yake. Faki ne a madadin malam, loh a madadin allo, tawadar kuwa ta baƙin tukunya da ƙaro. In yaro ya kai wani mataki sai a yi wa allonsa ado, su ce sharafa, mu mu ce zayyana, ya zaga da shi gidajen dangi. A Umm Dubban, gabas da Khartoum, tsangayar da Shaihu al-Ubaid wad Badr ya kafa tun ƙarni na 19 ta shahara da wutar karatun dare da almajirai ke kewayewa. Duk wanda ya zauna a tsangaya a Haɗeja ko Gashuwa, in aka kai shi can ba zai ji baƙunta ba.

Uwa ta ɗauki tsarin allo, amma ta gyara abu uku. Na ɗaya, sunan harafi daban, sautinsa daban. Yaron da ya haddace "ba, alif, ba" ba lallai ya ji "bab" a ciki ba. A koya masa sautin tare da sunan, a kuma fi nanata sautin. Na biyu, a sa ma'ana tun daga ranar farko. Na uku, a ajiye bulala. Ɗan shekara huɗu da aka daka a kan harafi, abin da ya koya shi ne harafi yana jawo duka.

Akwai wani ƙaramin tarko da ya kamata gidajenmu na Sudan su sani. Alƙur'anin da kaka ya zo da shi daga Kano, na Warshu, da rubutun Magariba aka yi shi: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Harafin da kaka zai ce ƙaf ne, malamar aji za ta ce fa ce. Dukansu daidai ne a wurinsu. A tsayar da yaro a kan na makaranta tukuna, in ƙafarsa ta kafu a nuna masa ɗayan.

Minti goma bayan la'asar

A ce rana ta yi sanyi, an share tsakar gida. Uwa ta zuba yashi a faranti, ta zaunar da 'yarta a gefenta, ba a gabanta ba, don su ga harafin ta fuska ɗaya. Ta ja ba da yatsa daga dama zuwa hagu, ta ɗiga ɗigo a ƙasa.

"Ummi, wannan cewa yake b. Rufe leɓɓanki ki ji. Wa ke da shi a farkon sunansa a gidan nan?"

"Baba!"

"Sai wa?"

Yarinya ta duba, ta ce, "Buta."

"Buta ma. To ja naki."

Ta ja, ya karkace, ɗigon ya hau sama. Uwa ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta ce, "Ɗigon nan ƙasa yake kwana, sauko da shi." Aka girgiza faranti, aka sake. Kafin yarinya ta gaji, uwa ta tashi ta kama aikinta, yarinya na cewa a ƙara ɗaya. Gobe ita za ta ɗauko farantin da kanta.

A lura da abubuwan da ke cikin wannan ɗan zama. Harafi ɗaya ne, kuma za a yi kwanaki a kansa. Ba a bi jerin alif, ba, ta, sa ba, domin ba da ta da sa jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su, kuma jera wa yaro su a mako guda neman rikici ne. Gara a tsallaka a ɗauko waɗanda ba su yi kama ba: ba, mim, dal, ra, alif, wau. Da waɗannan kaɗai an samu "bab", "dar", "mama", "baba". Wasula kuma a sa su a kowace kalma. Manya ne ke karanta jarida babu wasali, saboda sun riga sun san kalmomin.

Baƙaƙen Larabci 28 ne, kuma yawancinsu suna sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Shida ne ba sa riƙe na bayansu: alif, dal, zal, ra, zai da wau. Huɗu daga cikin waɗanda na ce a fara da su suna cikin shidan nan, kuma da gangan ne, don yaro ya fara da kalmomin da haruffansu ba su narke cikin juna ba. Sauya kamar kuwa a nuna masa da harafin sunansa, shi ne wanda ba zai manta ba.

Daga nan sai a fita da harafin waje. A Suk al-Sha'abi ta Omdurman, inda motocin Dongola suka saba lodi, ko a kowace kasuwa da tasha, rubutu ne ko'ina: a goshin mota, a ƙofar shago, a kwalin shayi, a gwangwanin madara. A ce masa, "Nemo min dal a jikin motar can." Yanzu ba launi yake ganewa ba, harafi yake farauta.

Shekara nawa ya dace?

Masu gaggawa sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa. A Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare, kuma yaransu suna cikin na gaba a karatu a Turai. A New Zealand, Sebastian Suggate ya kwatanta yaran da aka fara koya wa karatu a shekara biyar da waɗanda aka fara a bakwai, ya tarar kafin su gama firamare na bayan sun kamo na gaban. Hira da tatsuniya da wasan sauti, waɗannan tun daga goyo. Harafi kuwa sai yaro ya nuna alama: yana tambayar "me aka rubuta a nan?", yana jin kalmomin da farkonsu ya yi kama, yana iya zama minti biyar a kan abu ɗaya. Wani a shekara huɗu, wani sai biyar da rabi, kuma duka lafiya ne.

In an daɗe ana yi abu bai zauna ba, kafin a ce yaro daƙiƙi ne a duba kunnensa da idonsa. Ciwon kunne mai zubar da ruwa yana rage ji, kuma yaron da ba ya rarrabe sauti ba zai ga dalilin harafi ba. Yaron da ya kwana yana jin ƙarar harsashi, ko aka taso shi daga gidansu, shi ma hankalinsa yakan daɗe bai dawo ba. Irin wannan yaro, zaman kusa da uwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum ya fi masa harafin amfani, kuma harafin zai biyo baya.

In babu littafi, ko uwa ba ta yi karatu ba

Sudan ƙasa ce mai tarihin rubuta wa yara: mujallar as-Sibyan ta fara fitowa tun 1946, tana cikin na farko-farko a ƙasashen Larabawa. Amma iyalin da suka baro Khartoum da kayan jikinsu ba su ɗauko littafi ba. Sai a yi nasu. A yanka kwali, a ɗinke da zare, yaro ya faɗi labarin abin da ya gani yau, wani babba ya rubuta masa jimla ɗaya a kowane shafi, shi kuma ya yi zane. Gawayi da bango, ko tsinke da ƙasa, sun isa allo. Waya tana da amfani in babba na zaune tare da yaron suna magana a kan abin da suke gani. In an miƙa masa ita don ya yi shiru, ba karatu yake ba.

Uwar da ba ta san harafi ba kada ta cire kanta. Duk abin da aka faɗa a kan kunne da hira da tatsuniya nata ne, babu mai yi mata. Harafin kuma ta nemi yaya ko ɗiyar maƙwabta ta zo ta ja a faranti, ita ma ta zauna ta ja nata. Abu babba ma daga 'yan gida da maƙwabta yakan fara: Shaihu Babikir Badri da 'ya'yansa mata da na maƙwabta ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, kuma daga wannan zuriyar makarantu Jami'ar Ahfad ta Omdurman ta fito.

Wata rana yarinyar nan mai farantin yashi za ta haɗa "da" da "wa" ta ce "dawa" ba tare da an taya ta ba. Daga nan wata matsalar za ta taso: tana karanta kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar, kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. Yadda ake fitar da yaro daga wannan tattashiya zuwa karatu mai gudu, da irin littattafan da suka dace da wannan mataki a Hausa da Larabci, shi ne abin da babi na huɗu zai ɗauka.